Tambayoyi da Amsoshi Kan Halin Manyan Taurari a Manhajojin Kwaikwayon Sararin Samaniya

Waɗannan tambayoyi sun taru ne sannu a hankali daga bakin ɗalibai da malaman kimiyya na makarantun sakandare da muke zama tare da su a nan Jos da yammacin wasu ranakun Asabar, inda muke kunna kwamfuta a cikin aji idan akwai wuta, mu fita fili mu ɗaga kai sama idan an ɗauke ta. Kusan dukkansu tushensu ɗaya: mutum ya ƙara wa tauraro nauyi a cikin manhaja, tauraron ya yi abin da ba a zata ba, mai tambaya kuma ya iso da hukuncinsa a hannu cewa manhajar ta lalace. Abin da na lura da shi shi ne dalilin yakan fito daga ɗayan wurare uku, wato halin tauraron na gaskiya, ko gajeriyar hanyar da marubucin manhajar ya bi, ko kuskuren lissafi da ke taruwa idan aka gaggauta lokaci, kuma akasari ana iya gane wanne ne ta hanyar gwaji mai sauƙi.

Wane tauraro ake kira babba, kuma me ya sa rikicin ya fi fitowa daga irinsa?

Masana falaki suna auna girman tauraro da nauyinsa, wato yawan abin da ke tattare a jikinsa, kuma Rana ce ma'auninsu. Tauraron da ya kai nauyin Rana kusan sau 8 ko fiye shi ake kira babba, domin daga nan ne ƙarshen rayuwa ke zama rushewar cibiya. Ga wanda ya fita waje a daren hunturu a Jos, biyu daga cikinsu suna nan a rukunin taurarin Jauza'u: jan nan Betaljus, wanda sunansa ya samo asali daga Larabcin "hannun Jauza'u", da mai fari da shuɗi-shuɗi Rijal, wato "ƙafa".

Hasken tauraro ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. A tsakanin taurari matsakaita, idan nauyi ya ninka sau 2, haske yana ninkawa kusan sau 11, idan kuwa nauyi ya ninka sau 10, hasken yana haura sau 3,000. Mai irin wannan almubazzaranci ba ya daɗewa. Rana za ta yi kusan shekara biliyan 10, ta riga ta ci biliyan 4.6 daga ciki, amma tauraro mai nauyinta sau 20 ba ya wuce kimanin shekara miliyan 10, mafiya nauyi kuma a shekara miliyan 3 suke ƙarewa. Da yake haske da zafi da ƙarfin ja da saurin tsufa duk sun kai maƙura a wurinsa, ɗan kuskuren da ba zai bayyana ba a kan Rana yakan fito fili ƙarara a kan babban tauraro.

Shin duk manhajojin aiki iri ɗaya suke yi?

A'a, kuma rashin sanin wannan ya jawo gardama mai yawa a zamanmu. Stellarium tana nuna sararin sama yadda mai tsaye a ƙasa zai gan shi a wuri da lokacin da aka zaɓa. Celestia da SpaceEngine suna ba mutum damar yawo tsakanin taurari, amma duniyoyinsu suna bin falakin, wato hanyar zagayen, da aka riga aka shata musu da lissafi. Universe Sandbox kuwa tana lissafa jan da kowane abu ke yi wa ɗan'uwansa a kowane taki, shi ya sa ake iya canza nauyi a ga abin da zai biyo baya. Akwai kuma manhajojin bincike irin su MESA, wadda aka fara bayyana ta ga masana a 2011, wadda ke bin abin da ke gudana a cikin tauraro guda daga cibiya zuwa fata, kuma ba hoto mai ban sha'awa take fitarwa ba, jerin alƙaluma ne. A sauran amsoshin ba zan ambaci sunan wata manhaja ba, domin muna amfani da fiye da ɗaya kuma kowace tana sauyawa daga fitowa zuwa fitowa.

Na ƙara wa Rana nauyi sau 20, sai Duniya ta faɗa cikinta. Ashe ba sauri kawai ya kamata ta ƙara ba?

Wani ɗalibin aji biyar ne ya fara kawo wannan, ya juyo da kwamfutar cinyarsa gare ni yana nuna wurin da shuɗin ɗigon ya ɓace, ya ce, "Malam, wallahi ban taɓa Duniyar ba, Rana kaɗai na taɓa." Gaskiya ya faɗa, kuma rashin taɓa Duniyar shi ne dalilin. Duniya tana tafiya da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, wanda shi ne daidai abin da take buƙata don ta zagaya Rana mai nauyin da muka sani daga nisan kilomita miliyan 150. Idan nauyin ya koma sau 20, gudun da ake buƙata a wannan nisa ya zama kusan kilomita 134 a daƙiƙa, shekara kuma ta koma kwana 82. Manhajar ta bar Duniya da tsohon gudunta, saboda haka ta zube ciki a kan falaki mai tsawo kamar ƙwai, wanda ke kai ta kusan kilomita miliyan 4 daga cibiyar tauraron, alhali jikin tauraro mai wannan nauyi ya kai nan ko ya wuce. A nan manhajar ba ta yi kuskure ko kaɗan ba. Wanda ke son ganin shekara mai kwana 82 sai ya dakatar da lokaci, ya canza nauyin, sannan ya umarci manhajar ta sake daidaita falakin kowace duniya kafin ya saki.

Me ya sa duniyoyi ke tsinkewa su gudu da zarar na ƙara saurin lokaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma a nan laifin na lissafi ne. Kwamfuta ba ta bin motsi a miƙe kamar ruwan famfo. Tana duba inda abu yake, ta lissafa jan da ake yi masa, ta matsar da shi gaba na wani ɗan lokaci, sannan ta sake dubawa, kuma wannan ɗan lokaci shi muke kira taki. Idan ka nemi shekara dubu ta wuce a cikin daƙiƙa guda, kwamfutar ba ta da ƙarfin yin ƙananan taki masu yawa haka, sai ta faɗaɗa takin.

Ga wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Abuja, misalin yana nan a Hawan Kibo. A ɗauka direba yana buɗe ido ne sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyar, ya gyara sitiyari, ya sake rufewa. A miƙaƙƙiyar hanya da ƙaramin gudu zai iya kai labari, amma a kan kwanonin gangaren nan, da gudu, zai buɗe ido ya tarar hanya ta riga ta juya ta bar shi. Kusa da babban tauraro kowane wuri kwana ne. A misalin da ya gabata, Duniya tana isa wuri mafi kusa da tauraron da gudun da ya haura kilomita 1,000 a daƙiƙa, wato a taki na awa ɗaya tak tana tsallake kusan kilomita miliyan 4, daidai da dukkan tazarar da ke tsakaninta da cibiyar tauraron. Kwamfutar tana iya auna ja mai tsanani a wuri mafi kusa, ta ba Duniya wannan hanzari na tsawon awa guda cur, sannan a dubawa ta gaba ta same ta can nesa inda babu jan da zai karɓe abin da aka ba ta. Ƙarfin motsin da ta tafi da shi ba daga tauraron ya fito ba, lissafin ne ya ƙirƙiro shi.

Hanyar lissafin ma tana da tasiri. Mafi sauƙinta, wadda ake dangantawa da Leonhard Euler, tana ƙara wa falaki ƙarfi kaɗan-kaɗan a kowane zagaye har ya buɗe, yayin da wadda ake wa laƙabi da tsallen kwaɗo ta fi riƙe falaki na dogon lokaci. Gwajin da nake ba kowa shi ne ya adana yanayin farko, ya sake gudanar da shi da rabin saurin, sannan da rubu'insa. Idan duniyar ta daina gudu, ko ta gudu a wani lokaci dabam ta wata fuska dabam, to taki ne. Wasu manhajojin suna rage saurin lokaci da kansu da zarar an saka abu mai nauyi ƙwarai, masu amfani kuma su yi ta ƙorafin cewa ta ƙi sauri, alhali ni a ganina wannan ita ce manhajar da ta san aikinta.

Tauraron ya fashe nan take da na ƙara masa nauyi. Haka abin yake a zahiri?

Ba haka yake ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne manhajar ta riƙe shekarun tauraron ta canza nauyinsa kawai. Rana mai shekara biliyan 4.6 idan ta wayi gari da nauyi sau 20, lissafi zai nuna cewa wa'adinta na shekara miliyan 10 ya cika tun tuni har sau ɗaruruwa, sai manhajar ta zartar da hukuncin da ke rubuce ga tauraron da kwanansa ya ƙare. A mayar da shekarun zuwa sifiri kafin a ƙara nauyin, galibi sai a ga ya zauna lafiya, shuɗi, mai zafi.

Akwai makamancin wannan idan aka kulle faɗin tauraro ana ƙara masa nauyi, ko aka kulle nauyin ana matse faɗin. Karl Schwarzschild ya nuna a 1916 cewa akwai iyakar da idan aka matse abu ƙasa da ita haske ma ba ya fita, kuma iyakar kusan kilomita 3 ce daga cibiya ga kowane nauyin Rana guda. Manhajar da ke duba wannan sharaɗi za ta mayar da tauraronka baƙin rami da zarar ka tsallake shi, ko da ta hanyar da babu tauraron da zai bi. Haka nan wasu manhajoji suna nuna fashewa a duk lokacin da taurari biyu suka yi karo. A 2008 an ga haɗewar wasu taurari biyu da ake kira V1309 a rukunin taurarin Kunama, kuma abin da ya biyo baya ƙaruwar haske ce mai ja wadda ba ta ko kusa da ƙarfin fashewar babban tauraro ba.

Na saka nauyin Rana sau 1,000 kuma tauraron ya zauna daram. Ke nan babu iyaka?

A nan ya kamata mai amfani ya yi mamaki, amma abin ban dariya shi ne ba a cika kawo mini wannan a matsayin ƙorafi ba, domin abin da ya zauna shiru ba ya tayar wa kowa da hankali. Haske yana tura abin da ya faɗa a kansa. Arthur Eddington ya lissafa cewa akwai matakin da turin hasken da ke fitowa daga ciki zai rinjayi jan da ke riƙe da fatar tauraro, kuma matakin yana kusa da hasken Rana sau 32,000 ga kowane nauyin Rana guda. Idan aka ɗauki ƙa'idar nauyi da haske da na ambata a farko aka ci gaba da ita ba tare da gyara ba, tauraro zai tsallake iyakar Eddington tun yana da nauyi sau 60 da 'yan kai, mai nauyi 1,000 kuma zai fito da hasken Rana sau biliyan 30, alhali iyakarsa ba ta wuce miliyan 32 ba. Taurarin gaske ba sa bin ƙa'idar har can, haskensu yana lafawa yana bin gefen iyakar, suna kuma zubar da fatarsu.

Mafi nauyin tauraron da aka sani, R136a1, yana cikin Babban Gajimaren Majalan, wani tarin taurari da ke maƙwabtaka da namu, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 160,000. A 2010 an ƙiyasta nauyinsa sau 265 na Rana, amma hotuna masu kaifi da aka fitar a 2022 sun sauko da ƙiyasin zuwa ƙasa da 200 kaɗan. Wanda ya fi nuna abin da zama a bakin iyaka ke jawowa shi ne Eta Karina, mai nisan shekarar haske kusan 7,500, wanda a 1843 ya zama na biyu wajen haske a duk taurarin dare, ya amayar da abin da ya haura nauyin Rana sau 10, kuma bai mutu ba.

Dalilin shirun manhaja kuwa shi ne ba ta lissafa cikin tauraro. Tana karanta jadawali ko gajerun ƙa'idoji da aka tsamo daga sakamakon manyan bincike. Fitattun ƙa'idojin da Hurley da Pols da Tout suka wallafa a 2000, waɗanda masu binciken cincirindon taurari suka daɗe suna amfani da su, an gina su ne a kan samfuran taurari na kwamfuta da suka tsaya a nauyi sau 50, aka ja su zuwa 100. Duk abin da ya wuce bakin jadawali, manhaja ko dai ta maimaita layin ƙarshe ko ta ci gaba da ja a makance.

Tauraron yana rage nauyi da kansa, duniyoyinsa kuma suna matsawa nesa. Kuskure ne?

Wannan alamar manhaja mai kyau ce. Manyan taurari suna da iska mai ƙarfi da hasken kansu ke korawa. Nau'in da Charles Wolf da Georges Rayet suka gano a Faris a 1867 yana iya zubar da nauyin Rana guda a cikin kimanin shekara 100,000, wato ninkin iskar Rana sau ɗaruruwan miliyoyi. Idan nauyi ya ragu a hankali, riƙo ya sassauta, falakin duniyoyi sai ya faɗaɗa. Wannan zubar da fata ce kuma ke sa mafiya nauyi ba sa kumbura su zama ja kamar Betaljus, wanda da za a ajiye shi a gurbin Rana da ya haɗiye falakin Duniya da na duniyar Mas. Littattafan makaranta sun saba nuna cewa babban tauraro sai ya yi ja kafin ya fashe, amma wanda ya fashe a ranar 23 ga Fabrairu, 1987 a Babban Gajimaren Majalan shuɗi ne, kuma wannan ya ba masana kansu mamaki a lokacin.

Fashewar da nake gani a allo, lissafinta ake yi ko zane ne?

Zane ne, kuma babu abin kunya a ciki idan aka san girman aikin. Tauraro mai nauyi sau 25 yana ƙona haidirojin na kusan shekara miliyan 7, hiliyam na 'yan dubban ɗaruruwan shekaru, kabon na 'yan ɗaruruwan shekaru, niyon na kusan shekara guda, oksijin na wasu watanni, silikon kuwa na kimanin kwana ɗaya. Abin da ya rage a cibiya dangin ƙarfe ne, wanda ƙona shi ba ya ba da zafi. Idan cibiyar ta kai kusan nauyin Rana 1.4, iyakar da Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa a farkon shekarun 1930, sai ta rushe a ƙasa da daƙiƙa guda, daga girman da ya kusa na Duniya zuwa dunƙule mai faɗin 'yan gomomin kilomita. Dunƙulen da ke saura, wanda ake kira tauraron niyutiron, bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, ɗan abin da ya ɗara tafiya daga tsakiyar Jos zuwa Bukuru. Kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfin da ya fita yana tafiya ne a cikin wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira niyutirino, waɗanda aka kama guda ashirin da 'yan kai daga fashewar 1987 a na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet, sa'o'i kaɗan kafin a ga hasken.

Babu manhajar gida da za ta haɗa shekara miliyan 7 da rabin daƙiƙa a lissafi guda. Su ma masu manyan kwamfutocin bincike sun sha fama da nasu baƙon hali, wanda ya zama kishiyar namu: taurarinsu ƙin fashewa suke yi. Tun aikin Colgate da White na 1966 ake zaton niyutirino ne ke tura fatar tauraro waje, Bethe da Wilson kuma suka gyara bayanin a 1985, amma shekaru da dama samfuran da suka ɗauki tauraro a matsayin cikakkiyar ƙwallo mai daidaito ta kowace fuska suna nuna igiyar fashewar ta tsaya cak a hanya. Sai da aka samu ƙarfin lissafa tafasa da juyawar ciki ta fuska uku kafin samfura da yawa suka fara fashewa.

Me ya sa wani tauraron ya bar baƙin rami, wani tauraron niyutiron, wani kuma bai bar kome ba?

Manhajoji sukan ja layi: ƙasa da wani nauyi tauraron niyutiron, sama da shi baƙin rami, kuma galibi layin yana tsakanin 20 da 25. A zahiri lamarin bai miƙe haka ba, domin ya danganta da yawan abin da iska ta kwashe, da saurin juyawa, da sinadaran da aka haifi tauraron da su, da kuma maƙwabcinsa. Akwai alamun cewa wasu suna rushewa ba tare da fashewa ba, kamar wani jan tauraro mai nauyi kusan 25 a tarin taurari na NGC 6946, wanda ya ɗan ƙara haske a 2009 sannan ya dushe daga gani. Lissafi kuma ya nuna cewa taurarin da ke tsakanin nauyi kusan 140 da 260, idan ba su da sinadarai masu nauyi sosai, suna tarwatsewa gaba ɗaya ba su bar kome ba. Idan manhajarka ta share irin wannan tauraro daga allo bayan fashewa, mai yiwuwa wannan lissafi take bi.

Bayan fashewar, duniyoyin duk sun watse. Ashe baƙin rami ba zuƙe su ya kamata ya yi ba?

Baƙin rami ba ya ja fiye da nauyinsa. Da za a musanya Rana da baƙin rami mai nauyinta daidai, Duniya za ta ci gaba da zagayenta na kwana 365 cikin duhu da sanyi. Watsewar tana da ƙa'ida mai sauƙi: abin da ke zagaye a da'ira yana kuɓucewa idan abin da ke riƙe da shi ya rasa fiye da rabin nauyinsa farat ɗaya. Tauraron da ya fashe yana da nauyi 15 ya bar dunƙule mai nauyi 1.4 ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100, don haka babu abin da zai riƙe. Adriaan Blaauw ya yi amfani da wannan hujja a 1961 wajen bayyana taurarin da ake gani suna gudu su kaɗai a sararin sama. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na taurari mafiya zafi da nauyi suna musayar abu da abokin zagayensu ko su haɗe da shi kafin su mutu, saboda haka babban tauraro tilo da muke ajiyewa a tsakiyar allo shi ne baƙo a cikin danginsa.

Na ninka zafin tauraron amma launinsa bai canza ba.

Da zarar zafin fata ya wuce digiri 20,000 ko makamancin haka, mafi yawan hasken ya koma sashen da ido ba ya gani, abin da ya rage ga ido kuwa fari ne mai shuɗi-shuɗi wanda ba ya sauyawa sosai ko an kai 50,000. Allon kwamfuta na yau da kullum kuma matakin haske 256 gare shi ga kowane launi, ba zai iya nuna bambancin sau ɗaya da sau miliyan ba. A duba alƙaluman, a bar hoton.

Na maimaita gwaji iri ɗaya sau biyu, sakamakon ya bambanta. Wanne ne daidai?

Idan abubuwa masu nauyi uku ne ko fiye suke kusa da juna, wataƙila babu wanda ya fi wani. Henri Poincaré ya nuna tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa a irin wannan tsari ɗan bambanci a farko yana girma har ya canza ƙarshe baki ɗaya. Kwamfuta kuwa ba ta rasa ɗan bambanci, domin lambobinta suna da iyaka. Lamba mai gurbi 32 tana riƙe alƙaluma kusan 7 ne kacal, wato idan aka rubuta nisan Duniya da Rana da mita, ba za a iya bambance wurare biyu da ke tsakanin kilomita 16 ba, kuma wannan ne ke sa hoto rawa idan aka matso kusa da ƙaramin abu mai nisa daga tsakiyar fage. Abin da ake yi shi ne a maimaita sau goma a ga abin da ya fi faruwa, wanda galibi shi ne a kori mafi ƙarancin nauyi, biyun da suka rage su ƙara matsowa kusa. Ana ganin makamancin haka ya faru a Jauza'u kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce, inda taurari biyu, AE Auriga da Mu Kolumba, suka fice ta fuskoki masu kishiyantar juna da gudun kusan kilomita 100 a daƙiƙa kowanne.

Kwamfutata tsohuwa ce. Shin tana canza sakamakon?

Tana iya canzawa. Wata malamar fiziks ta taɓa zuwa da tsarin taurari biyu da ta shirya wa ajinta, ta ce, "Malam, a gida yana zaune lafiya, a makaranta kuwa kullum sai ya watse." Muka bi abin daki-daki har muka gano cewa a gida kwamfutar tana jone da wuta, a makaranta kuwa a kan batir take, inda take rage ƙarfin aikinta don ta tsimi caji, manhajar kuma ta faɗaɗa taki don ta cika saurin da aka nema. Da ta rage saurin lokaci ta cire tarkacen duwatsu ɗari da ta zuba don ado, tsarin ya zauna. Wanda zai aika wa masu manhaja rahoton matsala ya rubuta lambar fitowar manhajar, da nauyi da shekaru da faɗin tauraron, da saurin lokacin da ya saka, ya kuma faɗi ko abin ya sake faruwa da ya rage saurin.

Akwai abin da zan iya dubawa da idona don in gwada da na allo?

Akwai Betaljus. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 ya dushe har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa, aka yi ta raɗe-raɗin zai fashe, daga baya bincike ya nuna ƙura ce ya fitar ta tare wani sashe na fuskarsa, kuma zuwa Afrilu ya dawo. A manhajojin da ke nuna sama yadda aka saba, haskensa bai motsa ba a duk waɗannan watanni. Ana ganinsa da daddare daga Disamba zuwa Maris, kuma hanyar auna shi ita ce a gwada shi da Rijal a ɗaya gefen taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Jauza'u, a rubuta wanne ya fi haske da kwanan wata. A daren da hazon hunturu ya yi kauri a haƙura, domin yana cin hasken na ƙasa fiye da na sama. Eta Karina kuwa yana fitowa ta kudu daga Maris zuwa Mayu, ba ya haura kusan digiri 20 daga gefen ƙasa a nan Jos, don haka sai an sami wuri mai tudu wanda fitilun gari ba sa gabansa, da ƙaramin madubin hangen nesa na hannu, da kuma rigar sanyi.